Mai Agogo da Inci Biyu

Mai Agogo ya shiga aikin asibitin ƙashi yana ɗan shekara ashirin da biyu, a zamanin da ake goge ƙarfen gado har ya yi ƙyalli, babbar Sista kuma takan zagaya da safe da farin hankici tana shafa saman tagogi. In hankicin ya fito da datti, ranar ba wanda zai ci abincin rana a zaune. Da turin keken marasa lafiya ya fara. Daga nan aka kai shi ɗakin siminti, inda ake ɗaure karaya, ya shekara tara yana naɗe ƙafafun mutane. Sai aka mayar da shi ɗakin gashi, wurin da ake koya wa wanda ya karye tafiya kamar yaron goye, a can kuwa ya yi furfura.

Agogon da ya jawo masa laƙabi na awo ne, na ƙarfe, mai maɓalli a ka. Wani tsohon likita ne ya bar masa da zai tafi. Da igiyar takalmi yake rataye shi a wuya, kuma bai yarda da agogon waya ba ko kusa. Mutum ne gajere, mai tsabta, rigarsa kullum da karin guga. In ka ce masa minti biyar, zai tambaye ka biyar cif ko biyar irin ta mutanen yanzu.

Da ya yi ritaya, wata bakwai ya zauna a gida, kuma wata bakwai ɗin nan matarsa ta ga ta kanta. Ya auna minti nawa butarta take yi kafin ta tafasa. Ya auna sharar tsakar gida. Ranar da ya gaya mata ta fi jiya jinkiri da sakan arba'in, ta jingina tsintsiya da bango ta ce, “Malam, ko dai ka samo abin yi, ko ni in samo wurin zuwa.”

Ana cikin haka wata matashiyar likita ta zo har gida nemansa. Bincike za ta yi a kan tsofaffin da suka karye a ƙugu ko a cinya aka yi musu aiki. Ta lura da yawansu in aka gwada jininsu sai a tarar bitamin D ya yi ƙasa, wannan da fatar mutum take haɗawa in rana ta taɓa ta, tsofaffin kuwa sun daɗe a ɗaki. Tana so ta gane ko ba su ƙwayar zai rage kumburi a jiki, ya sa ƙarfin ƙafa ya dawo da wuri. Ta raba su gida biyu, ashirin da huɗu a kowane. 'Yan Talata suna shan ƙwaya suna motsa jiki. 'Yan Alhamis motsa jikin kawai. Jini dai ɗakin gwaji zai duba. Amma ƙarfin ƙafa sai an auna shi da ido da agogo, shi ya sa ta zo.

“Baba, an ce mini in ina son awon da ba wanda zai yi wa gardama, in nemo ka.”

“Ba su yi miki ƙarya ba,” in ji shi.

Aka ba shi kwantiragin shekara ɗaya, tare da alkawarin in bincike ya yi kyau za a faɗaɗa shi, a ƙara masa uku. Matarsa da kanta ta goge masa riga a safiyar da ya koma.

Awon ba shi da wuya a baki. Kujera ce ta katako, ba hannu, tsayinta inci goma sha bakwai daga ƙasa, an lulluɓe mazauninta da shimfiɗar roba mai kauri an ɗaure ta baya. Tsoho zai zauna, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi tsaye ya koma, sau biyar, da iyakar saurinsa. Ba a kama shi. Ba a ce masa sannu, ba a cewa yauwa. A nan ne aka san Mai Agogo, domin ba kowa ne zai iya kallon sa'ar mahaifiyarsa tana nishi ya yi gum ba.

“Kai dai ba ka da tausayi,” wata tsohuwa mai sayar da zare ta ce masa a awonta na farko. “Mutum yana fama, ka tsaya mini a ka kamar mai jiran gawa.”

“Inna, saura biyu.”

“Saura ubanka.”

Ya rubuta sakan ashirin da shida, ya kai mata ruwa, sannan ya yi mata sannu har sau uku.

Akwai wata takarda da yake cikawa kowace safiyar awo. Doka ta ce kafin kowa ya zauna, a sa tef a auna tsayin kujera, a rubuta, a sa hannu. Wata huɗu yana yin haka. Kullum goma sha bakwai. A wata na biyar ya ce a ransa, katako ne, ba shuka ba ce da za ta yi tsiro. Tef ya koma aljihu. Hannu dai bai fasa sawa ba: goma sha bakwai, goma sha bakwai, da kyakkyawan rubutunsa na 'yan makarantar da.

Ranar Talatar ƙarshe, bayan ya sallami mutum na ashirin da huɗu, igiyar takalminsa ta kwance. A duk tsawon aikin bai taɓa zama a kujerar nan ba, don a ganinsa ba wurin zaman ma'aikaci ba ce. Ranar gwiwarsa ta hana shi sunkuyo, sai ya zauna. Yana zama ya ji taushi. Ya miƙe a hankali, ya kwance igiyar roba, ya ɗaga. Bargon asibiti ne, an ninke shi huɗu, an daidaita shi da katako tsaf, ba inda ya leƙo. Ya zaro tef. Goma sha tara. Ya sake aunawa ta ɗaya gefen. Goma sha tara.

Yana tsaye da tef a hannu Iya mai shara ta shigo da bokitinta. Dattijuwa ce, ma'aikaciyar wucin gadi, Litinin da Talata take share wannan ɓangaren, sauran ranaku tana ɗakin yara. Da ta ga bargon a fili sai ta yi murmushi.

“Au, yau ka kama ni. Kawo in mayar, kafin mai sito ya ƙirga barguna.”

“Iya, tun yaushe?”

“Tun da aka dawo da ni nan, wata biyar ke nan. Na ga wata baiwar Allah ta faɗa a kan katakon nan, har cikin raina na ji shi. Haba, Malam. Mutum an yanka shi a ƙugu, a ce ya riƙa buga jiki da katako tsirara? Ku ba ku da iyaye ne? Kowace Talata nake sawa kafin ka zo, in cire in kun tashi.”

“Ranar Alhamis fa?”

“Ai ba na nan ranar Alhamis. Su dai Allah ya ba su haƙuri.”

Mai Agogo ya dube ta, bai ga komai a fuskarta ba sai alheri. Ya san abin da inci biyu yake nufi. Tsohon da ke kan kujera mai tudu ya riga ya yi rabin tashi kafin a danna agogo. Duk awon ƙarshe na 'yan Talata, masu shan ƙwaya, a kan bargo aka yi shi. Na 'yan Alhamis kuwa a kan katako.

“Mayar da bargonki,” ya ce. “Kada ki ƙara sawa, kuma kada ki yi zancen nan da kowa. Ko da wasa.”

“Laifi na yi?”

“Ni na yi.”

Da yamma ya gaya wa matarsa, suna zaune a baranda. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, “To, wa ya sani ban da kai da ita?”

“Ba kowa.”

“Shi ke nan. Bargo ne fa, Malam, ba guba ba. Wa ya mutu?”

“Ba wanda ya mutu. Amma Likita za ta tsaya gaban mutane ta ce ƙwaya ce ta tashe su.”

“Wataƙila ma ƙwayar ce.”

“Wataƙila. Ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da aka ɗauko ni in gano ke nan, ni kuwa na bar tef a aljihu.”

Ta yi tsaki. “Kai da kake ganin ƙura a saman kwabata daga bakin ƙofa, bargo guda ya wuce ka wata biyar. In ka buɗe baki korarka za su yi, ka dawo ka ci gaba da auna mini buta. Ni ka tausaya wa mana.”

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya san abin da ke jiransa a gidan nan: kujerar baranda, rediyo, da yini mai tsawo wanda ba wanda yake bukatar sanin tsawonsa. Duk da haka washegari ƙarfe takwas saura kwata yana ƙofar ofishin Likita.

Ya same ta cikin fara'a. Ta juyo masa da kwamfuta ya gani. A jini, bambancin kumburi tsakanin gidajen biyu kaɗan ne, ba abin a zo a gani ba. Amma a kujera, 'yan Talata sun fi 'yan Alhamis sauri da kusan sakan uku. Mako mai zuwa za ta kai wannan taron likitocin ƙashi, kuma a kansa za a nemi faɗaɗa binciken.

“Aikinka ne wannan, Baba. Lambobinka ne.”

Bai zauna ba. Ya ajiye tef a kan teburinta ya faɗa mata komai, ban da wanda ya sa bargon. Ta cire tabarau ta murza idanu.

“Shekara biyu,” ta ce. “Shekara biyu ina bin takardun nan kafin ma a yarda in fara.”

“Na sani, Likita.”

“Amma ga hannunka a kowace takarda. Goma sha bakwai.”

“Hannuna ne. Ban auna ba.”

“Wa ya sa bargon?”

“Wannan kam ba zan faɗa ba.”

Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce dole ta kai maganar sama.

Ranar Juma'a aka kira shi gaban mutum uku a ɗakin taro: shugaban sashe, wani jami'in mulki mai fayil, da Likita a gefe tana kallon tebur. Shugaban sashe ƙwararren mai aikin ƙashi ne, kuma Mai Agogo ya san shi tun yana ɗalibi, ya taɓa nuna masa yadda ake naɗe diddige ba tare da siminti ya ci fata ba. Da murmushi ya fara.

“Baba, zauna mana. Mu nan duk 'ya'yanka ne. Abin nan bai kai a tayar da hankali ba. Inci biyu. Bargo kuma in an zauna ai yana lotsawa, wataƙila ma inci ɗaya ne. Sai mu sa layi guda a ƙasan rahoto, mu ce an samu ɗan bambanci a kayan aiki, mu wuce.”

“Na gwada, ranka ya daɗe. Na zaunar da mai gadi a kai, mutum mai jiki, na auna. Inci ɗaya da rabi ya rage. A ƙasan rahoto kuwa ba wanda yake karantawa, ka sani na sani.”

“To me kake so?”

“A soke awon ƙarshe gaba ɗaya, na Talata da na Alhamis. A kira su duka a sake, a kan katako.”

“Taro saura kwana biyar!”

“Taron ya yi haƙuri.”

Murmushin ya ɗauke. Jami'in mulki ya buɗe fayil ya gyara murya. Ya ce a yadda yake ganin abin, akwai wanda ya taɓa kayan bincike ba da izini ba, kuma wannan shi ne mai laifi. In Baba ya faɗi sunansa, za a hukunta shi, shi kuma a rubuta masa gargaɗi kawai, kwantiraginsa yana nan. In ya ƙi, to babu sunan da ke cikin fayil sai nasa.

“Sai ku bar shi a ciki,” in ji Mai Agogo. “Wanda ya sa bargon nan ya ga tsohuwa tana jin zafi ne, ya tausaya mata. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da ake aunawa a ɗakin nan. Ni aka zaunar. Ni aka ba tef. A zamaninmu in aka samu datti a taga, wanda aka ba tagar ake kira, ba iskar da ta kawo ƙurar ba.”

“Baba, zamanin nan ya wuce,” shugaban sashe ya ce, ransa ya fara ɓaci.

“Ya wuce, amma ni ban wuce ba tukuna.”

“Ka san kana jefar da shekara uku?”

“Na iya lissafi, ranka ya daɗe. Abu ɗaya zan ƙara. In aka kai lambobin nan taro yadda suke, zan rubuta wa masu taron da hannuna, in gaya musu abin da na gaya muku. Rubutuna kuwa ana karanta shi.”

Jami'in ya dubi shugaban sashe. Shugaban sashe ya dubi Likita. Ita kuwa sai a lokacin ta ɗago kai.

“Ba sai ya rubuta ba,” ta ce. “Na janye takardata. Zan sake awon.”

A bakin ƙofa ya tarar da Iya mai shara, ta riƙe sandar goge ƙasa kamar za ta shiga yaƙi. Labari ya riga ya zaga asibiti, kuma ta gane.

“Matsa in shiga, Malam. Ni ba a taɓa ɗaukar mini kayana ba.”

“In kin shiga, yau ɗin nan za su karɓe bokitin, ni kuma ba za su mayar da ni ba. Sai mu zama mu biyu a titi, ba wanda ya ƙaru. Koma bakin aikinki.”

“Kai wane irin taurin kai ne da kai?”

“Irin na da. Wuce, Iya, ana kallonmu.”

Ƙarshen wata aka ba shi takarda mai layi uku, ana gode masa, ana sanar da shi ba za a sabunta kwantiragi ba. Ya karanta, ya gyara musu kwanan wata da suka rubuta ba daidai ba, ya sa hannu ya mayar. An ba wata ma'aikaciyar jinya awon, mace mai hankali, amma da agogon waya.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce tsofaffin. An ce musu sun gama, an yi musu godiya, yanzu kuma ana kira a waya a ce su dawo. Wasu ba sa ɗauka. Wasu 'ya'yansu suka ce ba su da lokacin kawo su. Tsohuwa mai zare cewa ta yi a gaya wa Likita ƙugunta ba na gwamnati ba ne. Mako guda ya wuce, mutum biyar kacal suka zo cikin arba'in da takwas. Mai Agogo ya ji wannan a bakin mai gadi. Ya san gidajensu, domin cikin shekarar nan ba wanda bai taɓa kwatanta masa unguwarsa ba.

Ranar Talata, ƙarfe tara daidai, shugaban sashe yana ratsa baranda da ɗalibai a bayansa sai ya yi turus. A kan bencin jira na ɗakin gashi ga Mai Agogo zaune, riga da karin guga, kusa da shi tsohuwa mai zare tana ta zazzaga masa masifa.

“Tun da asuba ya zo ya dasa mini kansa a ƙofa,” take gaya wa duk wanda ya wuce. “Na ce ba ni zuwa, ya ce zai jira. Na ce ya jira har ya bushe. Wallahi ya jira.”

“Baba,” in ji shugaban sashe, “na ɗauka an ba ka takarda.”

“An ba ni, ranka ya daɗe. Ba aiki na zo ba. Rakiya na yi wa Inna. Ko akwai dokar da ta hana ɗan rakiya zama a benci?”

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira mai zare. Mai Agogo ya miƙe ya ba ta hannu ta dafa, ya kai ta har bakin ƙofa, ya tsaya daidai inda ɗan rakiya yake tsayawa, bai ƙara ko taku ɗaya ba.

“'Yata,” ya ce wa ma'aikaciyar, “kafin ta zauna, ɗaga robar nan ki auna a gabanta. Haƙƙinta ne ta gani.”

Ta ɗaga, ta sa tef, ta faɗi tsayin da ƙarfi kowa ya ji.

“To, madalla,” ya ce. Ya juya ga shugaban sashe, wanda har yanzu yake tsaye a baranda. “Sai ka saba da ganina, ranka ya daɗe. Saura mutum arba'in da biyu, kuma wasunsu sun fi Inna gardama.”

“Ƙarya kake,” tsohuwar ta ce daga ciki, tana rungume hannuwa a ƙirji. “Ba wanda ya fi ni. Ke, danna abin naki mu gama.”